Babi na huɗu na jira, Arsenal na neman kashe ni: ya kuka yi a ajin ƙarshe?

Gunner_har_gobe ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu fita daga jami'a, musamman waɗanda ciwon ƙwallo ya kama irin kamun da ya yi mini.

Ina zangon ƙarshe, tattalin arziki nake karanta. Abin da ya rage mini jarrabawar kwasa-kwasan ƙarshe ce da furojet, wato aikin binciken kammala digiri. Babi na ɗaya zuwa na uku sun wuce, na tattara bayanai, na shigar da su kwamfuta, alƙaluma sun fito. Zama in rubuta abin da suke nufi shi ne ya gagara. Malamin da ke duba aikina ya ce babi na huɗu da na biyar su iso teburinsa kafin tsakiyar Mayu, in ba haka ba sunana ba zai shiga cikin masu kare aikinsu a wannan zagayen ba. Kuma ba mutum ne mai maimaita magana ba.

To sai ga makon nan na tsakiyar Afrilun 2024. Ranar Lahadi Crystal Palace ta je har Anfield ta doke Liverpool da ci ɗaya, hanya ta buɗe mana mu 'yan Arsenal, mu ci Aston Villa a gida mu hau saman teburin gasar Firimiya ta Ingila. Kafin hutun rabin lokaci mun tsare su a gidansu, Trossard ya samu ƙwallo shi da raga, Martinez ya miƙa ƙafa ya tare. Martinez fa, tsohon golanmu. A minti na 84 Bailey ya zura, ba mu gama tattara hankali ba Watkins ya ƙara a 87. Wanda ya shirya mana wannan aika-aikar kuma Unai Emery ne, kocin da muka kora a 2019. Laraba muka tafi gidan Bayern Munich da 2-2 daga wasan farko, Kimmich ya ci mu da ka, shi ke nan, gasar Zakarun Turai ta tafi. Tun daga Lahadin nan nakan buɗe kwamfuta, in zuba wa taken babi na huɗu ido, in karanta jimla guda da na rubuta, in rufe.

Kada wani ya ce mini wasa ne kawai, na ji wannan daga bakin mahaifiyata har na haddace. Gado na yi. Kawuna ne ya sa mini rigar Arsenal tun ban san hannun dama da na hagu ba, saboda Kanu da Henry. Lokacin da aka ɗauki kofin 2004 ba tare da an ci mu ko sau ɗaya ba, ban shiga firamare ba. Labari kawai nake ji: wasa 38, nasara 26, canjaras 12. Ni abin da na gani da idona shi ne 8-2 a hannun Manchester United a Old Trafford, da 5-1 a hannun Bayern har sau uku, da kakar 2022/23 da muka zauna a saman teburi kwana 248 sannan Manchester City ta zo ta wuce. Yanzu, a wannan kakar ta 2023/24, City na da maki 73, mu 71, saura wasa shida: Wolves, Chelsea, Tottenham, Bournemouth, United, sai Everton ranar 19 ga Mayu. Wato shekarar da ta fi kowace kusa da abin da na daɗe ina jira ita ce ta faɗo daidai kan makonnin da digirina ya rataya a kansu.

Tambayata biyu ce. Na farko, in rantse in daina kallo gaba ɗaya har in miƙa aikin, ko akwai wata dabara? Na biyu, ga waɗanda suka gama: abin yana raguwa bayan makaranta? Don akwai wani abu da ke damuna wanda ban faɗa wa kowa ba. Mu da muke kallo tare tun ajin farko, ɗan Chelsea, 'yan United biyu, da wani ɗan Barcelona da ba ya rufe baki, nan da wata biyu kowa zai kama gabansa. Ban san yadda ake kallon ƙwallo mutum shi kaɗai ba.

Baba_Fergie ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, Allah ya ba ku haƙuri, ko da yake ni dai na yi barci mai daɗi ranar Lahadi.

Kada ka rantse. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma daga abin da na gani nake faɗa. Na gama a 2013, shekarar da Ferguson ya yi ritaya. Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, shi ma ɗan United, ya ɗaga hannu sama ya ce ya bar ƙwallo sai bayan jarrabawa. Daren da muka kara da Villa, wasan da ya ba mu kofi na 20, ya kwashi littattafai ya tafi laburare. Da ya dawo na tambaye shi shafi nawa ya karanta. Ya ce wallahi littafin a buɗe yake, amma waya na ƙarƙashin tebur a kan cinyarsa, yana ta sabunta shafin sakamako da babban yatsa. Van Persie ya ci uku cikin rabin farko (ka tuna shi ai, kyaftin ɗinku ne muka saya), har da wadda Rooney ya ɗago masa daga tsakiyar fili ya ɗauke ta a sama bai bari ta taɓa ƙasa ba. Abokina bai ga ko ɗaya ba, kuma bai karanta komai ba. Har yau in muka yi waya sai ya yi tsaki a kan daren nan.

Kai ɗan tattalin arziki ne, zauna mu yi lissafi. Wasa minti 90 ne, hutu 15, ga ƙarin lokacin da alƙalai suka tsiro da shi bana, ka ce awa biyu. Wasa shida, awa goma sha biyu a cikin wata guda. Babu digirin da awa goma sha biyu ke rusawa. Abin da ke cinye ka yana kewaye da wasan ne. Awa guda kafin a fara kana jiran jerin 'yan wasa kana zagin Arteta don ya sa Havertz a tsakiya. Bayan an tashi ka kalli maimaicin ƙwallayen da ka riga ka gani, ka saurari hirar koci, ka saurari masu sharhi, ka shiga musu a waya har ƙarfe biyun dare da mutumin da ba za ka taɓa canza masa ra'ayi ba. Washegari ka tashi da ciwon kai ka fara lissafin wasannin da suka rage wa City. Sannan ba wasanku kaɗai kake kallo ba, faɗi gaskiya. Kana kallon na City don su faɗi, na Liverpool don su faɗi, namu don ka yi dariya. Wannan ne ke cin mako guda.

Saboda haka ka zaɓi wasannin Arsenal shida, ka rubuta ranakunsu a takarda ɗaya da ranakun jarrabawarka, ka manna a bango. Ka je ana daf da take wasa, ana hura usur ɗin tashi ka miƙe. Na City kuwa kallonka ba zai sa Haaland ya zubar da ƙwallo ba, sakamakon zai same ka a inda kake.

Tambayarka ta biyu, ba ya raguwa, amma yana canza kama. Shekara goma sha ɗaya ke nan, daga 2013 zuwa 2024, muna jiran kofin Firimiya, Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, sai Ten Hag a kakar 2023/24, duk na gani, kuma har yanzu cikina na ƙullewa in an ba abokan hamayya kwana a minti na 89. Bambancin shi ne yanzu ƙarfe takwas na safe akwai wanda ke jirana a wurin aiki, bai damu da abin da Onana ya yi jiya ba. Dole takaicin ya koyi ƙarewa kafin gari ya waye.

Hala_Madrid14 ya rubuta:

Maganin ciwonka sauƙi gare shi malam, ka canza kulob. Daren da Kimmich ke sa ku kuka mu 'yan Real Madrid muna Etihad gidan City, City ta yi ta luguden hare-hare minti 120, muka jure, aka je fenareti, Bernardo Silva ya miƙa wa Lunin ƙwallo a hannu kamar saƙo, Rudiger ya rufe zance. Ɗan Madrid ba ya faɗuwa jarrabawa saboda hankalinsa a kwance yake.

Amma ban da wasa, ba mu yi muku alheri ba. Mun cire City daga Turai, yanzu ba su da abin yi da ya wuce Firimiya da kofin FA. Guardiola in ya shiga Afrilu yana gaba da maki, ka san sauran. Ka rubuta babinka.

Malama_Anfield ta rubuta:

Ɗana, bari in yi maka magana daga ɗaya gefen teburin, don ni ma ina duba furojet ɗin ɗalibai, kuma ni ma makon nan bai bar ni lafiya ba. Atalanta ta zo Anfield ta zuba mana uku, Palace ta biyo baya, ga kocinmu Klopp zai tafi ƙarshen kakar 2023/24. Duk da haka ranar Litinin na shiga aji na koyar.

Abin da ɗalibai ba sa ganewa game da wa'adi shi ne, in malami ya ce tsakiyar Mayu, ba kai kaɗai ya faɗa wa ba. Duk waɗanda ke ƙarƙashinsa rana ɗaya za su kawo, lokacin kuma yana shirya tambayoyin jarrabawa, yana sa ido a ɗakin jarrabawa, yana makin takardu. Wanda ya kawo a ranar ƙarshe, aikinsa zai shiga ƙasan tuli, a dawo masa da shi cike da jan biro saura kwana kaɗan a kare. Wanda ya kawo ƙarshen Afrilu kuwa, ko aikin da gyara, zai samu a zauna da shi a nuna masa inda ya karkace. Don haka wa'adinka na gaskiya ya fi kusa da wasan Tottenham, ba na Everton ba.

Kuma babi na huɗu ba ya buƙatar ilhama. Ka ce alƙaluman sun fito. To ɗauki jadawali ɗaya, ka sa shi a shafi, ka rubuta a ƙarƙashinsa abu uku cikin magana mai sauƙi: me ya nuna, ya dace da hasashen da ka yi a babi na ɗaya ko ya saɓa, kuma wa ya samu irin wannan sakamakon a cikin waɗanda ka ambata a babi na biyu. Gobe ka ɗauki na gaba. Kada ka tsaya gyaran jimla. Ni na fi son ɗalibi ya kawo mini shafi goma masu kurakurai da ya zo hannu rabbana yana ce mini yana kan aiki. In sakamakon ya saɓa wa abin da ka zata, kada ka taɓa alƙaluman, ka rubuta cewa ya saɓa ka kawo dalilan da kake gani. Masu jarraba ka a ranar karewa sun fi kama mai murɗe lissafi fiye da wanda hasashensa bai fito ba.

A kan shawarar Baba_Fergie zan ƙara abu ɗaya: ranar wasa, ka yi rubutun kafin wasan, ba bayansa ba. In kun ci, murna ba za ta bar ka ka zauna ba, in an ci ku, ka ga dai yadda makon nan ya kasance. Kuma wannan tashin hankalin ba raki ba ne, jiki ne ke amsawa. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006 likitoci a yankin Munich sun bi diddigin masu zuwa asibiti da matsalar zuciya ta gaggawa, suka ga a ranakun da Jamus ke wasa adadin ya haura ninki biyu. Mutumin da zuciyarsa ta yi awa biyu tana irin wannan bugun ba zai zauna ya fassara jadawali ba. Safiya taka ce, ka ba furojet. Yamma ka ba Arsenal ta yi abin da ta saba.

Ka kuma tuna su kansu waɗanda kake kallo akwai masu karatu a cikinsu. Chiellini ya kammala digiri na biyu a Jami'ar Turin a 2017, yana tsakiyar buga wa Juventus wasa, shekarar da suka kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Wenger naku ma digirin tattalin arziki gare shi daga Strasbourg, kwas ɗinku ɗaya.

Gunner_har_gobe ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malama, Allah ya saka da alheri. Maganar ƙarshen Afrilu ta sa gabana ya faɗi, amma na gane. Jadawali bakwai ne a babin, yau da safe na ɗauki na farko na bi tambayoyinki uku, shafi ɗaya da rabi ya fito. Ɗaya daga cikin hasashena bai fito ba, kuma shi ne dama nake ta kewayewa.

Yaya Fergie, kamar kana leƙen wayata. Ga zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ga na magoya baya, ga Fantasy, wasan haɗa tawagar 'yan ƙwallo a waya, da nake canza kyaftin sau ba adadi kafin a rufe. Na kashe ƙarar zaurukan, na bar Saka a kyaftin, duk abin da ya samu ya samu.

Sai dai maganar kada in kalli City, akwai wasa ɗaya da ba zan iya alkawari a kansa ba. Suna da kwantan wasa a gidan Tottenham, kuma tun da aka buɗe sabon filin nan zuwa Afrilun 2024 City ta je sau huɗu a Firimiya, an ci ta duka huɗun, ko ƙwallo ɗaya ba ta zura ba. Wato ni, ɗan Arsenal na gado, zan zauna ina roƙon Allah ya ba Son sa'a. In kawuna ya ji sai ya karɓe rigarsa.

Madrid, na ji. Allah ya haɗa ku da Bayern ɗin nan su yi muku abin da suka yi mana.

Blues_2012 ya rubuta:

Kowa ya amsa ta farko, bari in taɓa ta biyu, don ban daɗe da fita ba, abin bai huce mini ba.

Gaskiya kallo kai kaɗai babu daɗi. Wasan farko da na kalla bayan mun watse, a waya na gani, ina kwance a ɗaki. Muka ci ƙwallo na daka tsalle na juya in tsokani wani, babu kowa sai fanka. A makaranta ba ka san cewa rabin daɗin abin mutanen ne ba, wanda zai mari ƙeyarka in an ci ku, wanda zai ɓuya kwana biyu in an ci su. Amma ga wani abu da ban zata ba. A cikin 'yan ajinmu, waɗanda muka yi karatun dare tare, muka yi aikin rukuni tare, yawancinsu zumuncin ya mutu a hankali, don babu dalilin kira. Waɗanda muka yi musun ƙwallo da su kuwa, kowane mako akwai dalili. Chelsea ta kashe kuɗi kamar hauka tana tsakiyar teburi, kana ganin za su bar ni in huta? Ta cikin wannan tsokanar nake jin wane ya samu aiki, wane zai yi aure, wane mahaifinsa ba lafiya. Aikin da nake yi yanzu ma wani ɗan Liverpool ne ya turo mini sanarwarsa, a ƙasan saƙon da yake zagin Mudryk. Don haka zauren nan da ka kashe wa ƙara, kada ka fita daga cikinsa, bayan Mayu za ka buƙace shi.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne watannin da ke tsakanin gama makaranta da samun abin yi. Ba lakca, ba jarrabawa, ga gasar Turai ta ƙasashe za a fara a Jamus tsakiyar Yunin 2024, ga kasuwar 'yan wasa da jita-jitarta ba dare ba rana. Lokacin ne caca ke kama mutane irinmu, saboda muna ganin mun san ƙwallo. Kana zaune ba ko sisi, ka san wanda ya ji rauni, ka san wanda ba ya cin wasa a waje, sai zuciya ta ce me zai hana wannan ilimin ya kawo kuɗi. Kai da ka karanta tattalin arziki ka fi ni sanin yadda lissafin yake: kamfanin ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin kowane wasa, in ka jera wasa goma a tikiti ɗaya ribar tasa ce ke ninkuwa, ba taka ba. Wa ya ba Palace nasara a Anfield ranar Lahadi? Wasa ɗaya irin wannan ya isa ya yaga takardar. Na ga abokin da ya kai ba ya iya murnar ƙwallon kulob ɗinsa, saboda ya sa kuɗi a kan ba za a ci fiye da biyu ba. Su kansu 'yan wasan ba su tsira ba, Toney ya sha dakatarwar wata takwas, Tonali wata goma, kuma kulob-kulob ɗin Firimiya sun amince su cire tallan kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26. In ba ka fara ba, kada ka sauke manhajar ko don gwaji.

Talata mu 'yan Chelsea muna zuwa gidanku, Emirates. Palmer ya ci Everton huɗu shi kaɗai ranar Litinin, ka gama jadawali na uku da na huɗu kafin lokacin don ban ga alamar za ka iya rubutu ranar Laraba ba.

Baba_Fergie ya rubuta:

Shafi ɗaya da rabi a safiya ɗaya, saura shida, ka ga kafin ku je gidan Tottenham ka gama ke nan. Ka tura wa malamin naka ko bai nema ba.

Na Old Trafford ranar 12 ga Mayu ne. Yadda bayanmu yake a buɗe bana ba na cika baki, amma in Allah ya sa mu ne za mu hana ku kofin nan, zan turo maka saƙo da kaina, ko ka kashe ƙarar waya ko ba ka kashe ba.